Awon Ƙasimu

Agege, Legas
6 ga Fabrairu

Zuwa ga maigidana Zayyanu, wanda bai taɓa ba ni kuɗin cefane ba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma kana cin abinci na gaske, ba burodi da ruwan leda ba. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta. Kunne kuwa ka san shi: shekara talatin da ɗaya ina tsaye a kan injin markaɗe, yanzu ko motar danfo ta yi hon a bayana sai dai in ga mutane suna tsalle. Saboda haka ka daina kiran wayar gwaggonka Fatsuma kana cewa a ba ni. Karawa nake yi a kunne ina cewa "to, to, madalla," ban ji ko kalma ɗaya ba. Wata rana za ka ce min ka yi aure, in ce madalla. Rubuto min. Aji huɗu na yi a firamare, amma ni na ci kyautar kyawun rubutu shekara biyu a jere, kuma har yau ba wanda ya zo ya karɓe.

Ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Injin kakanka ba shi da lafiya. Sandar cikinsa, wadda kuke kira shaf, ta cinye a wurin da boris yake zama, wato zoben ƙarfen nan da take juyawa a cikinsa. Sau biyu ana yi mata walda. Yanzu in na tayar da shi sai ya riƙa rawa kamar tsohuwa a gidan biki. Ka san injin nan. Kakanka Malam Mamman ya saye shi a Iddo da kuɗin sallamarsa daga aikin jirgin ƙasa. Da shi na aurar da 'ya'ya huɗu, kuma da ƙosan wakensa ka tara wannan ƙaton kan naka.

Na kira Baba Ƙasimu, aminin kakanka, mai injin feƙe ƙarfe a bayan layin dogo. Ya duba, ya ce, "Mama Fatsuma, ba ni tsohuwar sandar da boris ɗin, jibi ki zo ki karɓi sabuwa." Na ce a'a. Na ce ina da injiniya a Kaduna, shekara biyu ana tura masa garin Ijebu, lokaci ya yi da zan ga abin da garin ya zama. Ya yi dariya, ya ce to a bar yaro ya zana, shi ya feƙe, tunda dama wurinsa za ka zo koyon aiki na wata huɗu bayan jarrabawa.

Ga sandar nan na naɗe a tsohon zanina, na ba Alu direban tanka mai lodi a Apapa. Lambar boris ɗin Fatsuma ta karanta min, 6206. Ka zana ta yadda duk Agege za su san ban yi zaɓen miji a banza ba. Zanin kuwa ka dawo min da shi, kada in ji ka ba wata 'yar Kaduna.

Matarka ta fari,
Inno

Kaduna
19 ga Fabrairu

Zuwa ga amaryata mai haƙori uku,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai kewar ƙosanki. Alu ya kawo sanda da zani da gari, na gode. Ki riƙa shafa wa gwiwar nan magani, ki daina yi mata faɗa.

Kwana uku na yi ina awo. Da hannu na zana a kan allo, ban yi da kwamfuta ba, domin na san ki, cewa za ki yi inji ne ya yi min. Malaminmu ya duba, bai gyara ko layi ɗaya ba, ya sa hannu a ƙasa.

Abu biyu nake roƙo. Kada kowa ya ɗora tef ko rula a kan zanen ya ce zai auna. Zanen rabin girman sandar ne. Lambobin da na rubuta su ne magana, ba tsawon layi ba. Sannan ki miƙa wa Baba takardar kawai, kada ki yi masa bayani. Na san in kin fara, sai kin kai shi Iddo kin dawo. Duk abin da yake bukata yana ciki, zai gane. Tsakanin mai zane da mai feƙewa, takarda ce take magana.

Tsohuwar sandar na riƙe, malam yana son ya nuna wa 'yan aji yadda walda take cin ƙarfe. Zani kuwa ya zama labulen taga. Sai haƙuri.

Ki gaida Gwaggo da Baba. Ki ce masa ina nan tafe da sabon kayan aiki.

Mijinki talaka,
Zayyanu

Agege
3 ga Maris

Zuwa ga Oga Injiniya, maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, har gwiwa ta ji labari ta yi sauƙi.

Zayyanu, ban taɓa ganin takarda mai kyau irin wannan ba. Ga layuka masu kauri, ga wasu sirara kamar gashin jariri, ga 'yan kibau ko'ina suna nuna juna kamar mutanen gidan haya ranar da nama ya ɓace a tukunya. Ga wani ƙwai da ka soke da tsinke a gaban kusan kowace lamba. Fatsuma ta ce alamar kaurin sanda ce, na ce alamar yunwa ce. Ga sunanka a kusurwa cikin akwatinsa shi kaɗai. Gida bakwai na zagaya da ita. Hajiya Uwa, wadda ta ishe mu da labarin ɗanta mai aiki a banki, sai da ta wanke hannu kafin na bar ta ta taɓa.

Baba Ƙasimu ya gama aikin cikin kwana biyu. Ya so ya ja ni da tambayoyi: wai wannan ne kaɗai abin da ka aiko, wai in kawo masa boris ɗin ya gani. Na ce injiniya ya ce ba bayani, a bi takarda. Ya sauke tabaransa daga goshi ya dube ni, ya ce to.

Ni da Fatsuma muka ɗaura. Ka tuna yadda kakanka yake sa boris? Katako, guduma, gumi, da 'yan kalmomin da ba a faɗa a gaban yara, rabin yini yana fama. Naka kuwa da tafin hannu na tura, ya shige sumul kamar an shafa man shanu. Na ce wa Fatsuma, kin ga bambancin mai karatu da mai ƙarfi. Allah ya jiƙan Malam, da yana nan da ya ji kunya.

Inji yana aiki. Mata sun dawo da robobinsu, kowa ta zo sai na gaya mata wanda ya zana abin da yake markaɗa mata tattasai. Takardarka kuwa tana nan fes, ko ɗigon baƙin mai bai taɓa ta ba.

Na yafe maka zanin.

Taka,
Inno

Agege
24 ga Maris

Maigida,

Ina gaisuwa. Jikinmu lafiya. Alu ya ce wasiƙata ta baya tana aljihunsa har yanzu, motarsa ta lalace, da aka gyara kuma ya shiga layin Apapa ya kwana tara. To za ka karɓi biyu tare. Fara da waccan ka yi dariyarka, domin wannan ba ta dariya ba ce.

Injin kakanka ya mutu.

Ranar Alhamis da hantsi ina markaɗa wa mai alala wakenta. Fatsuma ta ce ta kwana biyu tana jin wani kuka a cikinsa, ta zaci sabon ƙarfe ne yake sabawa. Ni da wane kunne zan ji? Na dai ji ƙarfen ya yi zafi a hannuna, sai ƙauri, sai wani duka da ya ratsa ni har ƙafa. Gangar jikinsa, inda boris yake zama, ta tsage daga sama har ƙasa. Masu walda uku sun duba. Sun ce ƙarfen zubi ne, ba zai riƙe walda ba, kuma an daina yin irin injin tun kana rarrafe. Na rufe shi da tabarma. Ban yi kuka a gaban mutane ba.

Na san ba daga wurinka ba ne, malaminka ya sa hannu. Ido ne. Baba Ƙasimu shekararsa saba'in da biyu.

Ka san bakina. Ranar Asabar aka yi suna a gidan Hajiya Uwa, mata cike da tsakar gida, kowa sai ta zo ta yi min jaje kamar Malam ne ya sake rasuwa. Na ga in ban ba su dariya ba ni zan yi kuka. Sai na ari tabaran Hajiya, na ɗora a ƙarshen hanci, na ɗauki muciya na kai ta bakin ido, na duƙa na yi irin tafiyar nan ta Baba. Na ce, "Talatin ne ko sittin? Kai, duk ɗaya! Mama Fatsuma ba ta ji, ni ba na gani, inji kuma ba ya magana." Zayyanu, har da masu faɗuwa daga kan benci. Sau uku aka sa na maimaita, na uku da Yarbanci saboda dangin uwar jariri.

Ga sabuwar sandar nan na aiko, ka duba ka gaya min me ya yi mata.

Inno

Kaduna
5 ga Afrilu

Inno,

Na karɓi wasiƙu biyu da sanda. Ina lafiya. Allah ya ba mu haƙurin injin Kaka.

Da na kai inda kika ce boris ya shige da tafin hannu, sai na ajiye takardar na riƙe kai. Inno, ba a son ya shige da hannu. Gudumar Kaka ita ce daidai. Da wasiƙar nan ta iso a kan lokaci, da na kira Gwaggo ta kashe injin a ranar.

Bari in yi miki bayani. Ba wanda zai iya feƙe ƙarfe ya tsaya a kan milimita talatin cif, kullum sai ya ɗan ɗara ko ya ɗan gaza. Shi ya sa mai zane yake ba mai feƙewa iyaka biyu: kada ka gaza nan, kada ka wuce nan. A wurin da boris yake zama na rubuta 30, a gefensa kuma na sa ƙananan lambobi biyu, ɗaya a kan ɗaya, +0.015 da +0.002. Abin da suke cewa shi ne sandar ta ɗara talatin da ɗan abin da bai kai kaurin gashi ba, domin boris ya kama ta gam. Na auna ta Baba. 29.93 ce. Ta gaza da kaurin gashi guda. Boris ya yi ta zamewa a kanta, yana zafi, yana dukan gidansa, har ya fasa shi. Gashin nan guda shi ya kashe injin.

Ina da hoton zanen a wayata, lambobin suna nan ɓaro-ɓaro. Mutumin da ya shekara hamsin a wannan aiki ba zai ce bai san su ba. Ko dai bai gani ba, ko ya raina zanen yaro. Ke ma kin ba ni shaida ba ki sani ba: kin ce ko ɗigon mai bai taɓa takardar ba. Ai ke nan bai ko riƙe ta a gaban inji ba.

Jiya na kira shi. Ban yi zagi ba, amma ban ɓoye komai ba. Na ce in ido ya ƙare a gaya wa mutane, a daina karɓar aikinsu. Sai ya ce, "Na ji, Zayyanu. Allah ya ba ka haƙuri." Ko musu bai yi ba. Na gaya wa makaranta su nema min wani wurin koyon aiki.

Kada ki damu. In na gama karatu ni zan saya miki sabon inji.

Naki,
Zayyanu

Kaduna
2 ga Yuni

Amaryata,

Sallama da gaisuwa. Lafiya kuwa? Sau uku Alu yana zuwa hannu wofi, sai gari. Gwaggo ta ce jikinki kalau, amma kin daina zuwa biki, kuma an yi baƙi daga Ibadan kwana biyu ba ki ba su labari ko ɗaya ba. Wannan ba ke ba ce. In injin ne, na ce zan saya miki wani. In kuma wani saurayi kika samu a Agege, ki faɗa min in ji da kunnena, tunda nawa yana aiki.

Ko layi biyu ne ki rubuto.

Zayyanu

Agege
20 ga Yuni

Zayyanu,

Ina gaisuwa. Jikina lafiya, ruwa ne dai ya ishe mu, kwata ta cika. Yau ba tsokana, ka zauna ka karanta.

Takardarka ba ta taɓa zuwa shagon Baba Ƙasimu ba.

Ranar da zan kai masa, na tsaya a bakin ƙofa da ita a hannu, sai na tuna shagon. Mai a ko'ina, ƙurar ƙarfe, hannunsa baƙi ƙirin, da ƙusar nan ta jikin bango inda yake soke takardun mutane. Na ce abu na farko da jikana ya zana, da sunansa a kusurwa, ba zai ƙare a ƙusa ba. Na koma na sa ta a akwatin ƙarfe tare da takardar sallamar kakanka. Na sayi farar takarda da fensir da rula, na zauna daga azahar zuwa la'asar na kwafe ta. Layi bayan layi, kibiya bayan kibiya. Har ƙwan da tsinken na yi.

Da na zo kan ƙananan lambobin nan, sai na ga sifili, ɗigo, sifili, wani sifilin. A aji uku Malam Hadi ya koya mana sifili ba komai ba ne. Wurin kuma ƙanƙani, fensirina mai kauri, za su ɓata min tsabtar aiki. Na ce lissafi ne yaro ya yi a gefe ya manta bai goge ba. Har daɗi na ji wai na rufa maka asiri. Na bar su.

Ranar sunan nan ban sani ba, Allah shaida ne. Amma tun da na karanta wasiƙarka ta Afrilu na sani, kuma na yi shiru wata biyu da rabi. Wannan shi ne wanda ba ni da abin cewa a kai. Kullum sai in ce gobe. Ina tsoron ranar da za ka dube ni ka ga tsohuwa 'yar aji huɗu, ba matarka mai kyautar rubutu ba.

Ni ina cewa gobe, labarina yana yawo. Yanzu a unguwar nan in tela ya ɗinka wando ya yi yawa, sai a ce awon Ƙasimu. Murfin tukunya bai zauna ba, awon Ƙasimu. Fatsuma ta ji kwandastan danfo yana faɗa wa ƙofar motarsa haka. Mijin Hajiya Uwa mai gidan burodi uku ya kwashe aikinsa ya kai Iyana Ipaja. Masu injin markaɗe na kasuwa suka bi shi.

Ranar Litinin na je. Ƙarfe goma na safe, na same shi zaune a bakin shago, inji a rufe da buhu. Na ce, "Ƙasimu, na zo in gaya maka wani abu." Ya ce, "Zauna tukuna, wannan gwiwar." Ya shiga ya zaro takarda daga ƙusa, ya dawo ya zauna ta wajen kunnena na dama, wanda yake ɗan aiki.

Ya ce, "Wannan ce?"

Na ce ita ce.

Ya ce, "Tun ranar na san hannunki ne. Shekara nawa kina rubuta wa Mamman wasiƙunsa? Bakwai ɗinki mai ɗamara ne, duk Agege ba mai irinsa."

Na ce to me ya hana ka faɗa?

Ya ce, "Na tambaye ki ko wannan ne kaɗai, kika ce a bi takarda. Sai na ɗauka yaron sabon irin boris zai sa, mai noti a gefe, wanda ba ya son matsi. In an rubuta talatin tsirara ba iyaka, ƙa'ida ta ba ni damar gashi biyu sama ko ƙasa. Amma nawa laifin yana nan. Da na taka zuwa gidanki na ga boris ɗin da idona. Tafiyar minti goma ce."

Na ce bayan inji ya fashe fa? Da yaro ya kira ka ya gaya maka magana?

Ya ce, "In ce masa me, Mama Fatsuma? In ce kakarka ce ta kashe injin kakanka? Yaro yana da jarrabawa. Ke kuma duk abin da kike tinƙaho da shi, shi ne."

Na ce ka ji labarin tabarau?

Ya ce, "Na ji. An ce kin iya tafiyata sosai."

Da ya zage ni, Zayyanu, da na fi samun sauƙi. Shayi ya sa aka kawo min.

Ranar Asabar akwai walima a gidan Hajiya Uwa. A inda na tsaya waccan rana, a nan zan tsaya in ba da labarin yadda yake. Ga tawa takardar nan na sa maka a ciki, da hujin ƙusarta. Ka gwada da hoton wayarka.

Kakarka,
Inno

Kaduna
1 ga Yuli

Inno,

Na karɓa. Ina lafiya, jarrabawa saura biyu.

Na ɗora takardarki kusa da hoton. Layukanki sun fi nawa miƙewa. Ba abin da ya ɓace sai lambobin nan biyu.

Na yi fushi kwana ɗaya, ba zan ɓoye miki ba. Kashegari na ɗauko wasiƙata ta Fabrairu a raina na sake karantawa. Na hana ki yin bayani, ni kuma ban yi miki ba. Layi ɗaya ya isa: Inno, ƙananan lambobin nan su ne ran sandar. Na ga kamar ba ki bukatar sani, ke mai kai saƙo ce kawai. Mu biyu muka kwafe takardar nan.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar da na gaya wa Baba. Mutumin da ya koya min riƙe zarto ina ɗan shekara tara. Sau huɗu na kira shi, wayar a kashe. Na koma ofishin makaranta na ce a mayar da sunana shagonsa, sun ce in kawo takardar amincewarsa. Ki roƙe shi ya sa min hannu. In ya yarda, wata huɗun nan ko shara ce zan yi masa. Farkon Agusta ina tafe.

Yaya aka yi ranar Asabar?

Har yanzu mijinki,
Zayyanu

Agege
16 ga Yuli

Maigidana,

Gaisuwa. Muna lafiya. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Na tsaya ranar Asabar, kamar yadda na ce. Na zo da fensir da rula, na zauna a tsakiyar mata na kwaikwayi kaina, harshe a waje, ina goge sifili ina yabon hannuna. Na ce ku daina cewa awon Ƙasimu, ku ce awon Inno. Sun yi dariya, amma ba wadda ta faɗo daga benci. Hajiya Uwa ta ce, "Kai Inno, kin iya rufa wa mutum asiri." Wata ta ce in yi musu na tabarau, shi ya fi daɗi. Na rantse musu har sau biyu. Na je gidan burodi da ƙafata na gaya wa Alhaji, mijin Hajiya Uwa. Ya ce ya ji, amma ya riga ya saba da mutanen Iyana Ipaja. Shekara sittin ina ba da labari ana yarda da ƙaryata, ranar da na zo da gaskiya aka ce wasa ne.

Maganar sa hannu kuwa, ka bar ta. Baba ya sayar da injinsa. 'Yarsa ta Abeokuta ta daɗe tana cewa ya huta ya koma wurinta. Ya ce min dama yana da niyya. Ban yarda ba, amma ban yi musu ba. Wayarsa ruwa ne ya shige ta, ba fushi ba ne, ya ce in gaya maka haka.

Jiya da safe aka zo ɗaukar injin. Mutum shida da sarƙa, shi yana tsaye yana nuna musu inda za su kama. Na buɗe akwatin kakanka na ɗauko takardarka ta ainihi, na kai masa. Na ce, "Ga saƙonka, ya yi lattin wata biyar."

Ya karɓa. Sai ya ɗaga tabaransa ya mayar goshi, ya kai ta wurin haske. Zayyanu, ashe tabaran na hangen nesa ne. Na kusa bai taɓa bukatarsu ba. Da ido tsirara ya karanta min ƙananan lambobinka, da ƙarfi, saboda kunnena: sifili, ɗigo, sifili, ɗaya, biyar. Sifili, ɗigo, sifili, sifili, biyu. Ya bi sauran zanen a hankali har kusurwar da sunanka yake. Masu ɗaukar kaya suna jiransa, bai kula su ba.

Ya ce, "Yaron ya iya. Da wannan ce ta zo hannuna, da injin Mamman shi zai binne mu duka."

Ban ce komai ba. Ka rubuta ranar, domin ba a taɓa yi ba.

Da ya miƙo min, sai ya ga babban yatsansa ya bar tabon mai a jiki. Ya ce, "Af, na ɓata miki," ya jawo gefen rigarsa zai goge. Na riƙe masa hannu.

Abeokuta mota ɗaya ce daga nan. In ka zo za mu je tare, kai ka yi magana, ni in riƙe jaka. Takardar ba zan ba Alu ba, ka zo ka gan ta da kanka. Ban mayar da ita akwati ba, na soke ta a ƙusa a saman injin kakanka. Tabon yana daidai gefen ƙananan lambobin. Bai rufe su ba, na duba.

Taka,
Inno